Abin da Takalmina Ya Faɗa

Shekara ashirin da biyu ina aski a tsaye, ban taɓa tunanin me ke riƙe da ni ba. Sai bara bayana ya fara ciwo. Kafin rana ta take nakan dafa kujerar aski kamar ni ne tsohon da aka kawo a yi wa aski. Na sha ƙwayoyi, na shafa man zafi har matata ta ce ɗakinmu ya koma kemis.

Wata Talata takalmina ya ɓalle, na tsallaka titi wurin dattijon da ke gyaran takalma a ƙarƙashin matakalar bene. Ya kifa su biyun a cinyarsa, ya daɗe yana kallon ƙasansu.

"Ɗana, bayanka na ciwo ko?"

"Baba, duba kake yi ko gyaran takalmi?"

Ya yi dariya ya miƙo mini su. Dunduniyar na dama ta cinye, saura kaɗan ta huje. Ta hagu kuwa kamar jiya aka saya.

Ashe ya yi shekaru yana ɗinka wa masu karaya takalma a asibitin ƙashi. Ya sa na miƙe, ya riƙa taɓa ni da ƙotar gudumarsa.

"Nauyinka ta ƙashin baya yake saukowa. Ƙugu ya karɓa ya raba wa cinyoyi biyu, su miƙa wa gwiwa, gwiwa ta ba ƙwauri, ya ƙare a dunduniya da tafin ƙafa. Kai kuwa ka jibga wa ƙafa ɗaya aikin biyu. Ka taɓa jin rauni a hagun nan?"

Sai na tuna targaɗen da na yi a ƙwallo tun ina saurayi. Ya warke, amma ban daina lallaɓa ƙafar ba.

Ya sake wa takalman dunduniya, ya ce in riƙa tsayawa a kan ƙafa biyu, in kuma je likita ya duba ni, don shi iyakarsa idon sawu. Na je. Likita ya maimaita kusan maganarsa, ya ƙara mini da motsa jiki.

Bayan wata biyu na wuni ina aski ban dafa komai ba. Na rufe shago na same shi, na durƙusa.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Daga yau askinka a wuyana yake har abada."

Ya cire hula. Kai tal, ko gashi ɗaya babu.

"To, gemun fa?" na ce.

Duk Asabar yanzu yana zuwa.