Fijon da Kambai Ya Bari a Aston

Wata uku bayan rasuwar Kambai, matarsa Celestina ta hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Birmingham don ta ga motarsa. Tsohuwar Fijo 404 ce, fara, wadda ya saya shekara shida da suka wuce. Babu wurin ajiya a flat ɗinsu na unguwar Rusholme a Manchester, sai ya bar ta a garejin abokinsa Musah, wani bakanike ɗan Ghana da ke unguwar Aston a Birmingham. Kullum Kambai cewa yake ƙirar 1967 ce, irin wadda babansa ya tuƙa a Kafanchan, kuma a cikinta za a ɗauko amaryar ɗansu Jedidiah. Kusan kowace Asabar can yake wuni, wai yana gyara. Yanzu biki saura wata biyar.

Bayan sun gaisa, Musah ya sake yi mata gaisuwar rashi, ta ce, "Malam Musah, so nake a ƙarasa aikin nan kafin biki. Ka fara duba ta, ka faɗa mini abin da ya rage."

Musah ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Daga nan ya ɗaga bonet, ya kira ta kusa. Ya nuna mata ɗan ƙarfen da ke ɗauke da lambar mota, sannan ya haska wata lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar kanta.

"Madam, karanta su. Ya kamata su zama ɗaya."

Ta sa gilashinta ta karanta. Ba ɗaya ba ne.

"Wannan ta sama daga wata motar aka ciro ta aka manna. Ta jikin ita ce ta gaskiya, kuma 1973 take nunawa." Ya buɗe ƙofar baya, ya ɗaga kafet. Layin walda ya ratsa ƙasan motar daga gefe zuwa gefe, tsatsa ta cinye shi. "Mota biyu aka haɗa. Ko na yi mata fenti ta yi ƙyalli, ba zan yarda a sa amarya a ciki ba. It's not safe."

Celestina ta dafa ƙofar. "Ashe cutarsa aka yi. Gara da ya tafi bai sani ba."

Musah ya sunkuyar da kai. "Ya sani, Madam. Shekara biyu ke nan, tare muka duba, kamar yadda muka yi yanzu."

"To me yake zuwa yi duk Asabar?"

"Satin da muka gano, a satin ne asibiti suka faɗa masa sakamakon gwajinsa, cewa ciwonsa ba mai warkewa ba ne. Tun daga nan bai ƙara taɓa sifana ba. In ya zo, sai ya shiga gaba ya rufe ƙofa. In ciwon ya taso, a nan yake yin kukansa, ni kuma in kunna rediyo in ci gaba da aikina. Da yamma ya wanke fuska, ya shafa ɗan baƙin mai a hannu, ya tafi tasha. Ya ce in kika ga haka a gida, ke ma za ki kwanta."

Ta tuna yadda take yi masa faɗa a kan baƙin man nan, tana hana shi taɓa labule.

Ta buɗe ƙofar direba ta zauna. Kujerar ta lotsa daidai jikin Kambai, an tura ta baya saboda tsawon ƙafarsa, ƙafarta ba ta kai ko'ina ba. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu, kuka ya zo mata irin wanda bai zo ba ko a ranar jana'iza. Musah ya fita waje, ya ja ƙofar garejin.

Da ta fito, ta roƙe shi kada ya sayar da motar tukuna, kada kuma ya matsar da kujerar. Ya ce ko shekara goma ce, wurin nata ne.

Tana cikin jirgin komawa Jedidiah ya kira. "Mum, what did he say? Za ta gyaru?"

"Ba za ta gyaru ba," ta ce. "Ka zo gida ranar Lahadi bayan coci. Akwai abin da zan faɗa maka game da babanka."