Ƙarar Babur ɗin Mai Burodi

"Kar ka murza totur, Baba, bar shi haka," in ji Bakanike.

Ya durƙusa gefen babur ɗin, ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin injin, ya manna ƙotarta a kunnensa, ya rufe ido. Mai Burodi na tsaye riƙe da kan babur yana kallon ƙeyarsa yana murmushi. Akwatin katakon da yake zuba burodi na ɗaure a baya, sai rawa yake yi tare da injin.

"Ba bawul ba ne," in ji Bakanike, idonsa a rufe. "Ƙarar bawul siririya ce, daga sama take fitowa, kamar ana buga cokali a kofi. Ba fiston ba ne kuma, don da shi ne, inji na ɗaukar zafi za ta lafa. Wannan kuwa yana zafi tana ƙaruwa." Ya sauko da sukudirebar can ƙasa, ya saurara, sannan ya ɓata fuska. "Ga ta nan. Boris ɗin kwanrod ne, sandar da ke tura fiston, ya cinye."

Ya kashe injin, ya lakato baƙin mai da yatsa, ya ɗaga a rana. Ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli a ciki.

"Ka gani? Injin yana cin kansa ne. Wata rana zai ƙame maka a tsakiyar titi, tayar baya ta kulle, ga babbar mota a bayanka."

"Injiniya ke nan," in ji Mai Burodi. "Tun bara kake kashe ni a tsakiyar titi, ga ni kuma a tsaye."

"Ba wasa nake ba, Baba. Ka bar mini shi in buɗe, ba sai ka ba ni komai ba."

"Na sani, Allah ya yi albarka. Canza mini mai kawai, ka bar ƙarar nan inda take. Da ita Tsohuwa take gane na dawo."

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, rumfar kwanon da Bakanike ke gyara a ciki kuma tana jingine da ita, saboda haka maganar ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Matar Mai Burodi, wadda mijinta ke tsokana da Tsohuwa, 'yan layi kuma ke kira Inna, idonta ya tafi ne a hankali har ya rufe gaba ɗaya. 'Yarsu ɗaya tana aure a nesa. Kullum da yamma Inna za ta jawo kujera bayan ƙofa ta zauna. Babura na wucewa a layin ba iyaka, sababbi da tsofaffi, ko motsi ba ta yi. Amma da zarar wannan ƙwanƙwasa mai kauri ta karyo kwana, sai ka ji ta zare sakata, kafin ya iso ƙofa na buɗe, tana cewa, "Yau ma ka biya wajen hira, na ji yadda kake sauri."

Bakanike yana ganin abin da ban tausayi, amma a wurinsa wannan ba hujja ba ce. Kunne ai yana sabo. In aka gyara, kwana biyu za ta koyi sabuwar ƙarar. Shi mutum ne da ba ya iya jin inji na ciwo ya yi shiru. Ko babur ɗin wanda bai sani ba ne ya wuce yana kuka, sai ya bi shi da harara har ya ɓace. Wannan kuwa kowace safiya take shigo masa ta katanga, ta ɓata masa shayi. Matarsa ta kan ce shi da babur ɗin nan kamar masu gaba, alhali tsoro yake ji, don yana son dattijon.

Sai dai kunnen da ke jin abin da ke cikin ƙarfe bai yi saurin jin na mai shi ba. An jima kafin ya lura ƙafafun Mai Burodi sun kumbura har ya daina sa takalminsa na fata, ya koma silifa. In ya buga kik babur bai tashi ba, sai ya kifa kai a kan tanki yana haki. Daga baya Bakanike ne ke fitowa da safe ya tayar masa. Ya yi masa maganar asibiti, dattijon ya ce gajiya ce, kuma shagunan da yake kai wa burodi ba za su ci uzuri ba.

Ranar da abin ya faru, Mai Burodi ya ɗora ƙafa zai hau, sai ya sulale gefe, babur ya bi shi. Burodi ya watse a ƙasa. Injin bai mutu ba, yana kwance yana ta ƙwanƙwasa, tayar baya na juyawa a iska, sai da Bakanike ya kashe shi kafin ya ciccibi mutumin. Inna ta fito tana lalube da hannu.

"Me ya sa ya kashe? Ɗana, me ya sa babur ya yi shiru?"

"Jiri ne ya ɗebe shi, Inna. Yanzu za mu kai shi a duba."

A asibiti aka ce zuciya ce ta kumbura, aka ba shi gado. 'Yar ta zo ta zauna da shi. Matar Bakanike ta ɗauki kula da Inna, babur kuma aka tura shi rumfa.

Nan ya tsaya kwanaki, Bakanike na aiki yana satar kallonsa. Ba abin da zai iya yi wa zuciyar maƙwabcinsa, wannan ya fi komai ci masa rai. Amma ga abin da hannunsa ya iya, a gabansa. Ya ce a ransa, mutumin da zai fito asibiti ba ƙarfi, ba zai yiwu ya hau injin da zai yar da shi ba. Gara ya yi fushi yana raye.

Ya sauke injin, ya raba shi biyu a kan buhu. Abin da ya faɗa shi ya tarar: boris ɗin ya suɗe, kwanrod na wasa a hannu, fil ɗin da ke riƙe shi ya yi zane-zane. Ya ji daɗin da bakanike ke ji in kunnensa bai yi masa ƙarya ba. Ya sa sababbi, ya wanke komai da fetur, ya ɗaure, tsofaffin kuma ya watsa su a garwar da yake tara mataccen ƙarfe. Bai tayar a layi ba, sai da ya tura shi can bakin babban titi don kada Inna ta ji. Bugu ɗaya ya tashi, lafiya lau, ba ko tari. Ya dawo yana murmushi shi kaɗai, ya lulluɓe shi da tamfol.

Da ya je dubiya, da albishir ya shiga. Ya tarar an sa wa dattijon robar numfashi a hanci, fuskarsa ta faɗa, hannayensa sun kumbura. 'Yar ta ba shi kujera ta fita wanke kwano.

"Injiniya," in ji Mai Burodi, muryarsa can ƙasa. "Yaya Tsohuwa?"

"Tana lafiya, Baba. Kullum tana bayan ƙofa."

"Na sani." Ya numfasa da ƙyar. "Ina son ka yi mini abu ɗaya. Ni dai na san jikina. In ban koma ba, ka riƙa tayar mata da babur ɗin nan da yamma, ko na ɗan lokaci ne. Ba hoto take gani ba. Ƙarar nan ce kawai abin da zan bar mata da za ta gane."

Bakanike ya kalli tafin hannunsa, har yanzu da baƙin mai a ƙarƙashin farce.

"Za ka koma da ƙafarka, Baba."

"Ka dai yi mini."

"To, Baba."

Bai san yadda ya iso gida ba. Kai tsaye ya wuce wajen garwa, ya tarar da ita wayam. Matarsa ta ce masu sayen tsohon ƙarfe sun zo da kurarsu tun farkon mako, ta ba su kamar yadda aka saba. Ya bi su har filin da suke juyewa, aka nuna masa tulin ƙarfe ya fi tsayin mutum, aka ce na farkon mako ma mota ta riga ta kwashe. Ya tsaya yana tona da hannu har wani ƙarfe ya yanke shi, masu wurin na kallonsa kamar wanda ya taɓu.

Washegari da hantsi Mai Burodi ya rasu. 'Yar ta ce bai sha wahala ba, ya nemi ruwa, kafin ta juyo da kofi ya tafi.

Gidan ya cika da masu ta'aziyya, ya kuma ragu. Bakanike ya yi duk abin da maƙwabci ke yi, ya ɗauko kujeru, ya mayar, amma ya ƙi yarda su keɓe da Inna. Rumfarsa ma bai buɗe ba. Da mutane suka ɗauke ƙafa, 'yar ta fara ɗaure kaya, don da uwarta za ta tafi. Ranar tafiyar da la'asar ta leƙo ta ce Inna na kira.

Ya same ta a kan kujerarta ta bayan ƙofa, jakarta a gefe.

"Ɗana, ya ce mini ta waya ya bar maka saƙo. Na yi ta saurare, ban ji ba. Tayar mini da shi in ji kafin mota ta zo."

Kafin ya turo babur ɗin, ya durƙusa a rumfa ya sassauta bawul, ko injin zai yi ƙara. Ya san aikin banza yake yi, ya kuma ji kunyar kansa, amma ya yi. Ya kawo shi ƙofar gida ya buga kik. Injin ya tashi da wata 'yar ƙara, kas-kas-kas, daga sama.

Inna ta karkata kai, ta saurara. Fuskarta da ta fara buɗewa ta tsaya.

"Wannan na waye?"

"Nasa ne, Inna."

"A'a. Wannan siririya ce. Tasa daga ciki take, mai kauri." Ta ƙara saurarawa. "Ko bai yi zafi ba ne? Bar shi ya yi zafi, tana fitowa."

Ya bar shi. Injin ya yi zafi, hayaƙi mai tsabta na fita a salansa, ƙarar ba ta canza ba. 'Yar na tsaye a bakin ƙofa tana kallonsu, ba ta gane me ake jira ba.

"Na gyara shi, Inna," in ji Bakanike. "Yana asibiti na buɗe na canza. Tsoro nake kada ya yar da shi. Na nemi tsofaffin, ban samu ba."

Ta juyo da fuskarta wajensa. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Ya hana ka," ta ce a hankali.

"Ya hana ni."

"To. Kashe shi, ɗana, kada man ya ƙone a banza."

Ya murɗa makulli. Layin ya yi tsit, sai wani babur can nesa da ya wuce abinsa. Inna ta miƙe, ta lalubo da hannu, ta taɓa madubi, ta shafa tanki, har ta kai kan kujerar babur ɗin, inda zaman shekaru ya lotsa soso ya yi rami daidai jikin mutum ɗaya. Nan ta bar tafinta. Bakanike na tsaye da sukudireba a aljihun gaba, motar da za ta ɗauke su ta karyo kwana, injin kuma na hucewa a ƙarƙashin hannunta.