Tsohon Hoton Kwazazzabo

Uwar Dashe ake ce mata a ofishin kula da itatuwan gari, domin duk inda ta ga ƙasa tsirara sai hannunta ya fara ƙaiƙayi. Babban aikin rayuwarta shi ne kwazazzabon da ke bayan tsohon gidan famfo, can ƙarshen gari. Lokacin da aka damƙa mata shi tana sabuwar ma'aikaciya, rami ne ja wur, ruwa na cin gefensa duk damina har ya kusa kai wa katangar makarantar da ke sama. Ita da ma'aikatanta suka jera duwatsu, suka dasa gora, suka bi da itatuwa. Awaki suka cinye, suka sake dasawa. Yanzu furfura ta fara fito mata, wurin kuwa ya zama kurmi, mai wucewa ma bai san akwai rami a ƙarƙashi ba.

Wata safiya darakta ya kira ta ofishinsa, ya ce ta zauna, ya yi ta juya biro a hannu kafin ya buɗe baki.

"Kwamitin filaye na son wurinki," in ji shi. "Za su sare, su cike, su yi wa manyan motoci tasha. A taswirarsu har yanzu fili ne marar amfani."

"Marar amfani?"

"Kada ki cinye ni, ba ni na rubuta ba. Na dai samo miki dama ki yi magana a zamansu na mako mai zuwa. Akwai majigi a ɗakin. Ki nuna musu abin da zai shiga kansu, don dogon bayani barci yake sa su."

Da yamma ta baje kwamfuta a teburin falo. Tana da tsohon hoton ramin da ta ɗauka kafin a fara aiki, tana da sabo na bara. Ta buɗe manhajar jera hotuna, ta ajiye su gefe da gefe, ja a hagu, kore a dama, ta kira maigidanta ya gani. Malamin lissafi ne, ba ya yarda da abu sai da hujja. Ya gyara tabarau ya leƙa.

"Wannan na hagun na san shi. Na daman kuma a wace ƙasa ne?"

"Haba, Malam! Wuri ɗaya ne mana."

"To, ni na yarda, tunda a gida ɗaya muke kwana. Amma in ni ne ɗan kwamiti, cewa zan yi kin samo hoton dajin wasu kin liƙa."

Ta harare shi, ya koma kan littattafan ɗalibansa yana dariya. Sai dai ta san gaskiya ya faɗa. Babu abin da ke haɗa hotunan nan biyu a idon wanda bai san wurin ba.

Washegari ta nufi shagon yayanta, mai ɗaukar hoto ne tun suna yara. Ta same shi yana fama da wani magidanci da ya ƙi sakin fuska a gaban kyamara. Da ya sallame shi, ya share mata kujera tsakanin fitilu da wayoyi, ya saurare ta har ƙarshe.

"Auta, kuskurenki ɗaya," ya ce. "Kin ajiye su kamar maƙwabta. Ɗora su za ki yi, ɗaya kan ɗaya."

Ya ɗauko hotuna biyu na takarda daga kan kanta, ya kifa ɗaya a kan ɗaya. "Na ƙasa yana nan, na sama ya danne shi. Haka manhajar take yi, shimfiɗa kan shimfiɗa. Tsohon a ƙasa, sabon a sama. Saura abin da zai gaya wa na saman inda zai fito da inda zai ɓuya. Mu maski muke ce masa. Shi ma hoto ne, amma ba shi da launi sai baƙi da fari da toka-toka. Inda kika shafa baƙi, na sama ya ɓace a ga na ƙasa. Inda kika shafa fari, ya fito sarai. Toka-toka kuma rabi da rabi, kamar kina leƙe ta labule mai shara-shara."

"To yi mini, Yaya, kai da ka iya."

"Allah ya kiyaye. Ranar taron ina nan ina roƙon mutane su yi murmushi. In abin ya ƙi a gaban manya, wa za ki kira? Matso da kujerar."

Ta matso tana ƙunƙuni. Ta ɗora hotunan, ta buɗe maskin, ta zaɓi burushi ta shafa. Nan take kurmin ya ɓace gaba ɗaya, jan rami ya zuba mata ido.

"Wayyo, na goge shi!"

"Kin riga kwamitin sarewa," in ji Yaya, yana dariya har da riƙe ciki. "Ba ki goge komai ba, baƙi kika zuba. Mayar da fari."

Ta mayar, itatuwan suka dawo ko ganye ɗaya bai ɓata ba. Abin ya ba ta mamaki, ta sake ɓatar da su ta dawo da su don ta tabbatar. Daga nan ta yi rabi baƙi rabi fari, amma mahaɗar ta fito kamar an yanka da reza. Yaya ya nuna mata yadda ake jan launin ya tashi daga fari, ya bi ta toka mai haske da toka mai duhu, ya ƙare a baƙi. Sai ga kore yana narkewa cikin ja, babu inda za ka ce nan ne iyaka.

Murnarta ba ta daɗe ba. A daidai inda tokar take, tankin ruwan da ke bayan makarantar ya fito guda biyu, ɗaya na jingine da ɗan'uwansa.

"Tankinki ya haihu," in ji Yaya. "Ba a wuri ɗaya kika tsaya kika ɗauki hotunan ba. Wannan kuwa babu maskin da zai gyara shi. Sai kin koma inda ƙafarki take ranar farko."

Ta ƙura wa tsohon hoton ido. Ana ganin saman katangar makarantar, ana ganin ƙasan ramin, ke nan daga tudu aka ɗauka. Can ta tuna: rufin gidan famfo ta hau, lokacin gwiwoyinta ba su san ciwo ba.

Washegari da hantsi tana wurin. Mai gadin gidan famfon ya ga tana jingina tsani, ya fito da sauri.

"Ranki ya daɗe, ki bari in hau miki."

"Baba, riƙe mini tsanin kawai. Idona nake so a sama, ba naka ba."

Ta tattare zani ta hau, mataki bayan mataki, tana ambaton Allah. A saman ta ciro tsohon hoton da Yaya ya wanke mata, ta riƙe shi a gaban fuska, tana matsawa hagu, tana matsawa dama, har tankin da kusurwar katangar suka zauna daidai yadda suke a takarda. Sai dai wani reshen mangwaro ya tokare mata gaba, kuma ita ce ta dasa bishiyar da hannunta. Mai gadi ya ɗago adda daga ƙasa.

"In sare?"

"Ka sare ka gani! Nemo igiya."

Ya ɗaura igiya ya ja reshen gefe yana nishi, ta ɗauki hotonta. Da ta ɗora shi a kan tsohon a gida, tankin ya zama ɗaya tak. Ta ƙwala wa maigidanta kira har ya fito da takalmi ƙafa ɗaya. Sauran kwanakin ta yi su tana koya wa maskin tafiya: ta sa masa inda zai fara da inda zai tsaya, yadda farin zai taso daga ƙasan ramin ya hau sama a hankali.

Ranar zaman, ɗakin taron ya cika da ƙarar fanka da shafukan takarda. Shugaban kwamitin dattijo ne mai yawan duba agogo. Injiniyan kwamitin ya fara magana, ya nuna taswira, ya nuna yadda manyan motoci ke toshe hanyar asibiti don ba su da wurin tsayawa. Bayaninsa ya yi ma'ana, ita kanta ta gyaɗa kai. Sannan aka ce ta taso.

Ta haɗa wayar majigi. Jan ramin ya cika bango.

"Ranku ya daɗe, wannan shi ne filin da ke taswirarku," ta ce. "Ina roƙon ku riƙe tankin can da ido, kada ku sake shi."

Ta danna. Daga can ƙasan ramin kore ya fara tasowa. Ya rufe duwatsu, ya hau gefe, ya haɗiye jar ƙasar kaɗan-kaɗan, gora ta miƙe, itatuwa suka buɗe, har ya kai gindin katangar makarantar. Tankin bai motsa ba. Katangar ba ta motsa ba. Shugaba ya sauke hannun da agogon yake.

"Sake," ya ce.

Ta sake. Wannan karon har masu rubutu suka ajiye biro.

Injiniya ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, abin ya yi kyau, ban musa ba. Amma kwamfutar yanzu babu abin da ba ta iya haɗawa. Ta yaya za mu san ba zane ba ne?"

Hannunta ya riga ya san hanya. Ta tsayar da tafiyar, ta cire maskin, ta sa wani wanda toka ce zalla daga sama har ƙasa. Hotunan biyu suka bayyana tare, kowanne ana hango shi ta cikin ɗan'uwansa.

"Ga su nan duka, Injiniya, ban ɓoye ko ɗaya ba. Dubi lanƙwasar ramin a tsohon, dubi yadda layin gorar ya bi ta a sabon. Ramin bai tafi ko'ina ba. Saiwoyi ne suka riƙe shi." Ta ja tokar ta yi duhu, koren ya dushe, jan ramin ya dawo yana buɗe baki a gindin katangar. "In aka sare, wannan ne zai dawo. Kuma ba zai tsaya a inda ya tsaya a da ba."

Wata tsohuwar likita da ke ƙarshen teburin ta cire tabarau. "Ni na san ramin nan," ta ce. "'Ya'yana a makarantar nan suka yi. In hadari ya haɗu, barin aiki nake in je in ɗauko su. Ashe shi ne wannan dajin? Kullum ina wucewa ta gefensa."

Shugaba ya dubi injiniya. "Kai ka taɓa zuwa?"

"Gaskiya a taswira na san shi, yallaɓai."

"To ni ma haka. Ku tashi mu je."

Haka kwamitin filaye ya kwashi manyan riguna da takalma masu sheƙi ya bi Uwar Dashe cikin kurmi. Suna shiga inuwar, zafin rana ya yanke kamar an rufe ƙofa. Ta kai su inda duwatsun farko suke, gansakuka ta lulluɓe su, ruwa na tsattsafowa a hankali, fari tas. Injiniya ya tsuguna, ya tura hannu cikin ƙasar, ya ja wata saiwa da ƙarfinsa, ta ƙi ko motsi. Ya ɗaga kai ya auna tudun da ido har zuwa katangar.

"Yallaɓai," ya ce da ya miƙe, "in na ɗora manyan motoci a nan, damina ɗaya za mu kwaso su a ƙasa. Akwai tsohon wurin fasa dutse a hanyar gabas, ƙasarsa ta fi wannan ƙarfi. A ba ni dama in duba shi." Ya juya gare ta. "Ki yi haƙuri da maganar zane."

"Ai gara da ka tambaya," ta ce.

A nan tsaye, ƙarƙashin gora, shugaba ya ce a rubuta: wurin ya fita daga jerin filayen da za a raba, a gyara taswira a sa shi cikin gandun dajin gari. Likita ta fara tafi, sauran suka bi, tsuntsaye suka watse daga saman itatuwa.

Ma'aikatanta na can bakin hanya sun yi cirko-cirko, an hana su matsowa. Ta fito ta same su, ta so ta yi musu bayani a tsanake irin na shugaba, amma murna ta ci ƙarfinta. Sai kawai ta ɗaga hannu biyu sama. Ihun da suka yi ya sa 'yan makaranta leƙowa ta tagogi, babban lebura ya jefa hularsa sama ta maƙale a reshe, aka bar shi yana tsalle yana neman sanda.

Direban ofis ya buɗe mata mota. Ta ce ya wuce, ita da ƙafa za ta koma, akwai wani gefen hanya da take son dubawa.