Hancin Jif Ya Kalli Sama

Tun da maigidana ya sa aka ɗaga jif ɗinsa, aka saka mata sifirin mai laushi don hawan duwatsu, ba mu huta da labarinta ba. Da ya aro tirelar yayansa, irin wadda mota ke ja, mai gado da kicin a ciki, don mu tafi hutu, na ce ya fara tambayar bakanike ko jif ɗin za ta iya janta.

"Motar da ke hawan dutse? Haba, Maman yara!"

Ana ɗaura tirelar, bayan jif ya zauna daɓas, hancinta ya kalli sama. Kafin mu fita layinmu ƙarfen da ke jan tirelar ya kankari kwalta, sitiyari na yawo a hannunsa, tukwanena na kiɗa a baya. Ya tsaya, ya zagaya motar yana tsaki. Na ɗauka zai ce a kwance tirelar. Sai ya leƙo baya inda nake zaune da yara, ya ƙare mini kallo.

"Dawo gaba. Nauyinki zai danne hancin."

Na sauko, na kama hannun yarana.

"Ni ka aura ko buhun siminti? Nemo dutsen da take hawa ka ɗora mata."