Wurin da Na Ce Su Tsaya

A shekarar 1977 ni ne sakataren kwamitin ɗaliban da aka ɗora wa shirya ranar ziyarar iyaye a jami'armu ta Kano, kuma in ka gan ni a lokacin sai ka rantse ni na gina jami'ar. Wando mai faɗin ƙafa, takalmi mai tudu, suma ta sha mataji ta yi tozo. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, ana ba mu kaza ranar Lahadi, ana wanke mana zannuwan gado, mu kuwa muka ɗauka iyawarmu ce.

Aikin da aka ba ni shi ne rubuta takardar da za ta yi wa baƙi jagora. Na zauna na tsara ta tiryan-tiryan. Mai mota ya shigo ta babbar ƙofa ya ajiye ta a filin ƙwallo, inuwar darbejiya ta wanda ya riga zuwa ce. Kada kowa ya bar mota a bakin titi. Masallaci na hannun dama. Mai son tuwo mai zafi ya tsallaka titi ya tambayi rumfar Hadijatu, kada ya yarda 'yan tasi su ce za su kai shi cikin gari. A bakin babbar ƙofar kuma za a kafa tebur da lasifika, da jerin ɗalibai gari-gari, ta yadda baƙo zai faɗi sunan garinsu kawai a nemo masa ɗansa. Wannan dabarar tawa ce, har aka yaba mini a kanta, domin na san mutanenmu.

Saura mako biyu wasiƙa ta zo daga gida, da rubutun Malam Hadi, malamin firamarenmu. Gidanmu yana Farin Dutse a ƙasar Gwaram. Mahaifina, Malam Dabo, manomi ne mai 'yan shanu, kuma a shekarar nan hakiya ta riga ta rufe masa idon hagu, na dama ya fara bin sahu. An kai shi asibiti a Birnin Kudu, aka gaya masa gaskiya, cewa abin da ya rage kaɗan ne. Wasiƙar ta ce Baba ya ji a rediyo ana gayyatar iyaye, yana so ya zo ya ga ɗakin da ake karatun da idonsa tun yana da sauran gani. Ta ce kada in damu da maganar mota, akwai wani direba a Birnin Kudu, Manu, mai kai awaki Kano kowace Asabar a motar katako, ya ce zai ɗauko shi a gidan gaba.

Ya kamata in yi murna. Amma ba murna na yi ba. Nan take na hango motar katako tana tari tana hayaƙi tsakanin Marsandi da Fijo, awaki na kuka, Baba na saukowa da malfa da buzunsa a kafaɗa. Na kuma hango Kubra. Kubra 'yar ajinmu ce, mahaifinta babba ne a ma'aikatar ayyuka, na kuwa taɓa gaya mata cewa babana "yana harkar dabbobi", na bar ta ta ƙarasa sauran da kanta.

Sai na ɗauki biro na rubuta wa Baba tasa takardar daban. Na ce an hana babbar mota shiga ta babbar ƙofa. Babu wanda ya hana. Ni ne mai tsara dokar, in da na ga dama da na ware musu inuwa guda. Na ce su bi jikin katanga su zagaya ƙofar baya, inda ake sauke itace da buhunan abinci, akwai tsamiya a wurin, su tsaya nan kada su gusa, ƙarfe goma zan zo in shiga da shi. Na sa hannu da sunan da nake sa wa duk wasiƙar gida, Ɗan'azumi.

Ni ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa mini suna Baba bai taɓa furta shi ba, haka Inna. Gidanmu asalin Fulani ne, yaren ya tafi amma kunyar tana nan daram. In zai kira ni sai ya ce "kai", in zai yi zancena sai ya ce "yaron nan". Mutanen gari kuwa Ɗan'azumi suka sani, don cikin watan azumi aka haife ni. Badaru sunan rajista ne, shi kaɗai aka san ni da shi a jami'a, a can gida kuma da wuya ka sami mutum biyar da za su tuna shi.

Ranar Asabar ƙarfe goma ta same ni a filin ƙwallo da ƙyalle ja a damtse, ina nuna wa manyan motoci inda za su tsaya. Ina shirin zamewa ke nan sai ga motar mahaifin Kubra. Kubra ta leƙo ta ce in taimaka in zaga da su, tun da babu wanda ya kai ni sanin wuri. Na ce a raina rabin awa ne. Na kai su ɗakin gwaje-gwaje, na kai su laburare, na yi ta zuba Turanci kamar ana biyana. Daga nan mutumin ya ce lallai mu ci abinci tare.

Na sha gaya wa kaina cewa mantawa na yi. Ƙarya ce, ban manta ba. Duk sanda na dubi agogo sai in ce bari su Kubra su tafi tukuna. Har addu'a na yi a zuci, Allah ya sa motar ta lalace musu a Wudil. Bayan azahar aka shiga jawabai, na sami kujera a layi na biyu na zauna. Sai da aka watse, aka yi la'asar, na raka su Kubra har mota na rufe musu ƙofa, sannan na kwasa da gudu zuwa ƙofar baya.

Babu mota. Sai sawun taya da kashin awaki a gindin tsamiya, da maigadi, wani dattijo tsohon soja, zaune a kan benci. Na tambaye shi ko ya ga wani tsoho daga Gwaram. Ya daɗe yana kallon ƙyallen da ke damtsena kafin ya ba ni labari.

Ya ce tun kafin tara suka iso. Direban ya sauke tsohon, ya wuce kasuwa ya sauke awaki, ya dawo da hantsi ya tarar ba a zo ba. Da rana ta take, maigadin ya ga abin ya yi yawa, ya tambaye su wa suke nema. Manu ya ce Ɗan'azumi, shi iyakar abin da ya sani ke nan. Aka tambayi ma'aikatan kicin, aka tare ɗalibai biyu-uku da suka gitta, babu wanda ya san wani Ɗan'azumi. Sai maigadin ya durƙusa gaban Baba ya ce ya faɗi sunan yanka, yanzu a nemo shi. Baba ya sunkuyar da kai ya yi murmushi, ya ce ɗan fari ne. Maigadin ya ce ya gane, shi ma yana da nasa, amma yau rana ce ta lalura, ya raɗa masa a kunne, babu mai ji. Ya ce ya ga leɓen tsohon ya motsa, ya ɗauka zai faɗa, sai ya ji ya ambaci nasa sunan da na garinsu.

Daga nan maigadin ya ba su shawara su zagaya babbar ƙofa, akwai tebur, sunan gari kaɗai ya isa. Baba ya ƙi. Ya ce yaron ya ce a tsaya nan, in suka gusa zai zo ya rasa su, kuma ai an hana babbar mota shiga can. Ya shimfiɗa buzu ya yi azahar a wurin. Daga baya ya tashi ya dafa ƙarfen ƙofar, ya kare ido da hannu yana leƙen ciki, ya daɗe a haka. Manu ya yi ta haƙuri har la'asar, sannan ya ce fitilar motarsa ba ta da ƙarfi, dole su wuce gadar Wudil da sauran rana.

Maigadin ya shiga ɗakinsa ya fito da ƙullin daƙuwa da kwalbar man shanu. Ya ce tsohon ya ce a gaya mini sun zo, sun ga wuri, Allah ya yi albarka.

"Wai takardar da ta ce babbar mota ba ta shiga," in ji shi, "wa ya rubuta ta?"

Na ce, "Daga ofis ne."

Ya juya ya koma bencinsa. Ni kuwa na je na tsaya daidai inda ya ce Baba ya tsaya, na leƙa. Abin da ake gani daga nan shi ne bayan kicin: dogon gini mai bututun hayaƙi, tarin itace, gangunan zuba sauran abinci, da masu dafa abinci cikin fararen kaya da fararen huluna suna shiga suna fita.

Ban rubuta wasiƙa ba. Na fara sau uku ina yagawa. Da aka yi hutu na ƙirƙiri wani aiki na ƙara mako biyu a Kano, don ban san da wane ido zan dube shi ba. Sai da gero ya fitar da kai na hau mota zuwa Birnin Kudu, na sake wata zuwa Gwaram, tun daga tasha kuma nake haɗa kalmomin da zan gaya masa gaskiya da su.

Na tarar idon dama ya tafi. Haske da duhu kawai yake bambancewa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana fuskantar gefe kamar yadda ya saba, sannan ya riga ni magana. Ya ce in yi haƙuri, sun zo mini ranar da aiki ya yi mini yawa, Manu ya gaya masa irin motocin da suka gani a hanya, wanda aka damƙa wa wannan jama'a ina zai sami sukuni. Na buɗe baki, Inna ta shigo da fura, na rufe.

Da yamma na bi shi dandali. Ashe duk Farin Dutse an san jami'a, daga bakinsa. Na zauna a bayan dattawa ina ji yana ba da labarin, da alama ba yau ya fara ba. Ya ce gini ne dogo, ya fi asibitin Birnin Kudu, hayaƙi na tashi ta samansa tun safe saboda irin binciken da ake yi a ciki. Ya ce malaman wurin fari fat suke sawa daga sama har ƙasa, ba sa tafiya sai da sauri, babu mai tsayawa hira. Dattawa na ta jinjina kai. Wani ya waiwayo ya ce, "Ɗan'azumi, haka ne?" Na yi kamar ina gyara takalmi.

Aka kira magariba, kowa ya miƙe. Baba ya laluba sandarsa bai same ta ba, na miƙa masa hannu. Sai ya kama damtsena, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo. Muka bi lungu mu biyu. Na ce yanzu ne, in ban faɗa yanzu ba ba zan ƙara samun dama ba. Sai ya rage murya.

"Kai," ya ce, "akwai abin da nake so in tabbatar, kada in yi ta faɗa wa mutane abin da ba shi ba. Dogon ginin nan mai hayaƙi, wanda masu fararen kaya ke shiga, nan ne ɗakin da kuke karatun?"

Na dubi idanun nan biyu da suka yi fari.

"Nan ne, Baba."

Ya sauke ajiyar zuciya.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe dai na gani."