Kwandon Waya

Duk wanda ya taɓa riƙe shagon ɗinki ya san wahalar makon biki. Mutum ya shekara bai tuna yana da jiki ba, sai ana saura 'yan kwanaki ya kwaso yadi ya dire maka a tebur, wai shi gobe yake so. Kuma a irin wannan makon ne telan da ka raina da hannunka yake tattara komatsansa ya bar ka, domin lokacin ne kowane shago ke neman hannu.

Haka aka yi wa Uwar ɗaki bara. Shagon na mahaifiyarta ne, ta gaje shi da kekunansa da teburin yanka da wani tsohon madubi mai rage wa mutum tsawo. Ana tsakiyar aiki sai Dogo, wanda a shagon nan ya koyi zura zare a allura kafin ya buɗe nasa can bakin kasuwa, ya dinga kiran ma'aikatanta a waya, yau wannan gobe wancan, har ya janye mata teloli biyu. Ta sha zagin masu kaya, ta sha kuka a banɗaki. Tun daga ranar ta toshe lambarsa, ko sunansa aka ambata sai ta ja tsaki.

Bana ta ce ba za a sake ba. Ta sayo sabuwar fanka. Ta sa ana kawo abincin rana da zafinsa, shayi kuwa ba ya yankewa. Ta yi wa kowa alkawarin hutu mai kyau bayan biki. Tana zagaya kekuna tana ta jera sannu, har sai da mai surfani ta ɗago ta ce, "Anti, wannan sannun ta yi yawa, ko wani laifi muka yi?" Bayan duk wannan kuma sai ta kawo kwando.

Kwandon roba ne shuɗi, irin wanda ake kife kwanuka a ciki. Da safe kowa ya jefa wayarsa, a tura shi ƙarƙashin teburinta, sai an tashi aiki a ɗauka. Ta ce don kada hankali ya rabu ne. Kowa dai ya san don Dogo ne. Teloli suka fara gunaguni, wani ya ce wayarsa ba ta yi laifin da za a kai ta gidan yari ba. Wanda ya kashe maganar shi ne Baba Almakashi.

Baba Almakashi shi ne mai yanka. Tun zamanin mahaifiyarta yake tsaye a teburin nan, alli a bayan kunne, tef a wuya, kuma shi ya fara ɗora hannunta a kan almakashi tana 'yar ƙarama. Kekuna su yi ta gudu yadda suka ga dama, in bai yanka ba babu abin da za su ɗinka. Ta san in ta rasa kowa za ta iya lallaɓawa, amma in ta rasa Baba shagon ya tashi. Abin da ke ƙara cin ranta shi ne gidansa da na Dogo katanga ce kawai tsakani.

Shi ne ya fara zaro wayarsa, wata tsohuwa da aka ɗaure bayanta da roba, ya jefa a kwandon.

"Ni wa zai kira ni?" in ji shi. "'Yata tana can wani gari da mijinta. Matata Tsohuwa kuwa in ta kira, cewa za ta yi in taho da sukari."

Aka yi dariya, kowa ya bi sahu. Uwar ɗaki ta ji kamar ta rungume shi don godiya. Ta ce, "Baba, ya jikin Inna?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Ƙirjin ne dai, yau ya kama gobe ya saki."

Aiki ya yi ta tafiya lafiya lau har aka shiga tsakiyar mako. Ranar da hantsi, wata mata na tsaye tana masifa a kan hannun rigar da ta ce an matse, Uwar ɗaki ta ji kwandon yana kaɗawa kusa da ƙafarta. Ta sallami matar, ta sunkuya. Wayar Baba ce. A fuskarta kuma ga sunan mai kira ɓaro-ɓaro: Dogo.

Wato har Baba. Bara ya ɗauki biyu bai ƙoshi ba, bana ginshiƙin yake so ya cire. Kiran ya katse, ya sake shigowa, ya katse, ya sake shigowa. Irin nacin nan ta san shi, haka ya yi bara. Ta ɗago ta dubi Baba, yana can duƙe a kan wani yadi mai ruwan ƙasa, yana ɗan waƙe-waƙensa a ciki, bai san abin da ake ba. Ta ce a ranta, yau kam ka yi ƙarya, Dogo. Ta danne maɓallin har fuskar wayar ta yi baƙi, ta mayar da ita ƙasan sauran.

Kuma wallahi daɗi ta ji. Ta tashi da kanta ta haɗa wa Baba shayi ta kai masa. Ya karɓa ya ce, "Yau kuma ni ne ɗan gata?"

Rana ta yi sanyi lokacin da wata mota ta tsaya a karkace a ƙofar shago. Uwar ɗaki na ganin wanda ya fito ta miƙe ta tare ƙofa.

"Kai dai ba ka da ta ido. Wayar ba ta ishe ka ba, sai ka tako da ƙafarka?"

Dogo ko kallonta bai yi ba. Idanunsa jajur, rigarsa duk ta yamutse. Ya ce, "Anti, don Allah matsa." Ya leƙa ta saman kafaɗarta. "Baba, zo mu tafi."

Kekuna suka tsaya. Nan a tsaye Dogo ya faɗi abin da ya faru. Inna ce ta faɗi a tsakar gida da hantsi, matar Dogon ta jiyo ta ta katanga, shi ya ɗauke ta zuwa asibiti. Ya yi ta kiran Baba har wayar ta daina shiga. Ya kira Anti ba ya shiga. Ya kira duk wanda yake da lambarsa a shagon, babu mai ɗauka. Ya so ya zo da kansa, amma Inna ta riƙe masa hannu ta ƙi saki, sai tambaya take ko Baban ya taso.

Baba ya ce, "Yanzu fa?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

Baba ya ajiye almakashi a hankali. Ya cire tef daga wuyansa, ya naɗe shi tsaf kamar yadda yake yi kullum in an tashi, ya bi bayan Dogo da allin a kunnensa. Ko ta kan wayar bai bi ba.

Sauran makon Uwar ɗaki ba ta san yadda ya wuce ba. Ta je gidan rasuwa ta zauna cikin mata, ta miƙa wa 'yar Baba wayar ba tare da ta iya haɗa ido da ita ba. A shago ita ta koma teburin yanka, ta ɓata yadin mutane, ta ba da haƙuri har bakinta ya gaji. Kwandon ya koma bayan ƙofa, babu wanda ya sake tada maganarsa. Babu kuma wanda ya ga abin da ta yi ranar, ita kaɗai ta sani, kuma abin yana cinta kamar gara a katako.

Biki ya wuce, gari ya lafa. Wata safiya ta zo buɗe shago sai ta tarar da Baba zaune a dakalin ƙofa, ya rame, hularsa ta yi masa yawa.

"Baba, ai da ka ƙara hutawa."

"Gidan ya yi mini faɗi, 'yar nan. Gara in ji ƙarar keke."

Suka shiga. Ya tsaya a teburinsa yana shafa shi da tafin hannu. Can ya ce, "Dogo ya ce in koma wurinsa, wai ya fi kusa da gida, zai riƙa ɗauko ni a mota. Yaron kirki ne, ya yi mini abin da ɗa zai yi. Amma na ce masa a'a. Nan na tsufa, nan zan ƙarasa."

Abin da ta shekara tana nema ke nan, ga shi an ba ta a hannu.

"Abu ɗaya ne ke hana ni barci," in ji Baba. "Wayar nan. Tun yaushe Tsohuwa ke cewa in canza ta, batirinta ya gaji, tana mutuwa da kanta. Ni kuma taurin kai. Dogo ya ce da farko ta shiga, daga baya ta mutu. Da na ji maganarta, da wayar ta yi ta ƙara har kin ji, kin miƙo mini. Na san ki. Ni na hana kaina ganin Tsohuwa."

Ya shimfiɗa yadi ya fara aiki. Ma'aikata suka zo suka gaishe shi, kekuna suka tashi. Uwar ɗaki ta zauna a teburinta tana gaya wa kanta ta yi shiru. Faɗa ba za ta dawo da Inna ba. In ta yi shiru Baba na nan, shago na nan, kowa ya ci abinci. Amma tana kallonsa. Sai ya yi yanka kaɗan ya tsaya, almakashin a buɗe, leɓensa na motsi, kuma ta san abin da yake faɗa wa kansa. Ta daure har rana ta take. Da teloli suka fita cin abinci, ta tashi ta je ta tsaya a gabansa.

"Baba, wayar ba mutuwa ta yi ba. Na ji ta, na ga sunan Dogo, na ɗauka janye ka zai yi. Ni na kashe ta da hannuna."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da bin layin allin har ƙarshen yadin, ya ware gaba da baya da hannuwa, ya jera su yadda mai ɗinki zai gane. Sannan ya ajiye almakashin. Ta yi zaton zai zage ta, har so take ya zage ta. Da ya dube ta babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Da kin bar ni da laifina, 'yar nan," in ji shi. "Shi zan iya ɗauka. Yanzu in gari ya waye ina zan je?"

Ta fashe da kuka. Baba ya ɗauki hularsa ya fita. Ta bi shi har bakin ƙofa, ta ga ya tsaya a gefen titi ya daɗe yana duban hagu da dama, ga shi kuwa babu motar da ke zuwa.