Jeren Firdaoussi a Kan Ruwa

Duk titin Grand Concourse da ke unguwar Bronx babu wadda ta kai Hajiya Habsatou iya jeren ɗakin amarya, ita ma ta san haka, kuma ba ta ɓoyewa. Da rana jakunkuna take sayarwa a Canal Street, ranar biki kuwa ita ake kira ta riƙe ƙugu a tsakiyar ɗaki tana cewa a matsa da gado, a ɗaga labule. Sai ga auren Firdaoussi ya zo, 'yar wanta da ta riƙa tun tana ƙarama. Uwar yarinyar, Mariatu, tana can Maraɗi, kuma alkawari ɗaya Habsatou ta yi mata: ba za a kai 'yarta ɗakin da babu kaya ba. Shekara da shekaru tana tara farantai da kofunan tangaran masu bakin zinare, har ƙarƙashin gadonta ya cika.

Angon ne ya zo da rigima. Yussif yaron kirki ne, ɗan zangon Kumasi, ba ya wasa da salla, sai dai gidansa jirgin ruwa ne, irin wanda iska ke turawa. Da zafi jirgin yana ɗaure a City Island, can ƙarshen Bronx. Da sanyi ya kawo kai sai Yussif ya kwance shi ya yi kudu, yana yawo da baƙi daga tsibiri zuwa tsibiri a Karebiyan. Firdaoussi ta cika wa gwaggonta kunne da labarin: a kama kifi da safe a gasa da rana, a sayi kwakwa da mangwaro wurin masu kwalekwale, a shanya wanki a igiyar jirgi, idan tsibiri ya gundure ka ka wuce na gaba. Habsatou ta saurara ta taɓe baki, ta ce ko a kan bishiya yaron nan yake kwana, jere dai sai an yi.

Ranar jere ta je da ƙawarta Iyatu da mota shaƙe da kwalaye. Da ta sunkuya ta shiga cikin jirgin sai da ta yi salati. Ɗakin bai kai rumfarta ta Canal Street ba, gado a manne da bango, kowace durowa da sakata. Amma ba a san ta da ja da baya ba. Ta sa aka buɗe durowoyin duka, ta jera farantai a tsaye kan kanta, kofuna a gabansu, kwanonin gilashi ɗaya bisa ɗaya har rufi. Yussif ya leƙo daga sama, ya durƙusa a bakin matakala, idonsa a ƙasa.

"Mma, ki yi haƙuri. Idan wind ya zo, jirgin yana kwanciya gefe ɗaya. Komai sai an kulle shi."

"Kulle mi?" in ji Habsatou. "Jeren da aka kulle wa zai gani? Tahi abinka, wanga aikin mata ne."

Yaron ya sosa ƙeya ya koma. Suruka ta yi magana, ba shi da bakin maimaitawa.

Washegarin kai amarya aka shirya kiran Maraɗi. Mariatu ta ce za ta tara maƙwabta su ga ɗakin 'yarta a waya. Habsatou ta iso da wuri cikin leshi mai nauyi, ta duba gefen da jirgin yake ɗaure, ta ga tsofaffin tayoyi da kwandon shara, ta ce sam, Maraɗi ba za ta ga wannan ba, a fita da su tsakiyar ruwa. Yussif ya dubi amaryarsa. Firdaoussi ta ce, "Gwaggo, please, bari in kwashe kayan tukuna." Gwaggo ta ce duk wanda ya taɓa mata kofi ɗaya ba ta yafe ba.

Da farko lafiya lau. Injin yana ƙugi a hankali, Iyatu tana ɗaukar kanta hoto. Da suka fita fili Yussif ya kashe injin, ya ja igiya, babban farin ƙyallen da ke tura jirgin ya hau sama ya cika da iska. Jirgin ya karkata kamar tsohuwa za ta kishingiɗa. Habsatou ta cafke hannun Iyatu, Iyatu ta cafke ƙarfe, sai kuma aka ji daga ƙasa: tartsatsatsa! Aka ɗan yi shiru, wani kwanon da ya makara ya biyo baya.

Habsatou ta rarrafa ta leƙa. Tarin shekarunta ne a ƙasa, gutsi-gutsi, yana zamewa daga bango zuwa bango. Tukwanen ƙarfe kawai suka tsira, su ma suna ta birgima. Zuciyarta ta karye, ba don tangaran ba, don Mariatu da matan da ke zaune a tabarma suna jira. Kuma babu wanda za ta ɗora wa laifi, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ta juyo za ta fashe da kuka, sai ta ga abin da ya tsayar da ita. Yussif ya bar sitiyari ya sauka da tsintsiya, don kada wani ya taka gilashi. Firdaoussi ce ke riƙe da jirgin. Lallen amarci a hannu, mayafi ɗaure a ƙugu, ƙafa a tokare, tana duban ƙyallen sama tana juya sitiyarin kaɗan-kaɗan, jirgin yana bin ta. Yarinyar da ko jirgin ƙasa ba ta yarda ta shiga ita kaɗai ba sai da ta gama sakandare! Fuskar nan tata kuwa, Habsatou ba ta taɓa ganin ta da haske haka ba.

Waya ta yi ƙara. Fuskar Mariatu ta cika gilashin wayar, kawunan mata sun yi cincirindo a bayanta.

"Hajiya, ina ɗakin? Nuna muna, mutane na jira."

Habsatou ta share ido da bakin gyale.

"Mariatu, kayan ɗaki na kawo, na jera, kuma ni da kaina na hwasa su. Iyatu shaida ce."

Iyatu ta ƙyalƙyale da dariya har tana tari. A Maraɗi aka ɗauki salati, wata tana tambaya ko ɓarayi ne, wata tana cewa a ƙara murya.

"Ku dakata," in ji Habsatou. Ta juya wayar ta saita ta kan Firdaoussi, ruwa shimfiɗe a bayanta har inda ido ya tsaya. "Ga ɗiyarki nan."

Mariatu ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa wayar, ta daɗe tana kallo.

"Ita ke tuƙa shi?"

"Ita ce."

"Firdaoussi! Riƙe da hannu biyu, don Allah!" Tana dariya da kuka a haɗe. Sai ta waiga wajen maƙwabtanta. "Ku matso ku gani. Ɗiyata ce wagga."

Wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa. Habsatou ta miƙa wa Iyatu wayar, ta toshe hanci, ta mayar musu da tata daga tsakiyar ruwa.